Daga Kafireta zuwa Injekta: Riba da Wahalar da Suka Biyo Baya

Kowace motar fetur buƙatarta ɗaya ce, a gauraya iska da mai daidai gwargwado kafin fulogi ya ba da wuta. Haɗin da ya fi ƙonewa tsaf shi ne iska kashi 14.7 ga fetur kashi 1, bisa nauyi. Kafireta, irin ta Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, iskar da inji ke zuƙa ce ke janyo mata mai ta wata 'yar kafa, don haka da ƙiyasi take aiki. A motar injekta kuwa, famfo ne ke turo mai daga tanki da ƙarfi, kwamfutar motar tana karɓar rahoto daga na'urorin da ke auna yawan iska da zafin inji da ragowar oksijin a hayaƙi, sannan ta buɗe nozul na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Injekta ma iri-iri ce. Akwai wadda nozul ɗaya ke ciyar da inji duka. Wadda ta fi yawa a titunanmu kowace silinda da nozul ɗinta, yana fesa mai a bayan bawul. Sai wadda ke fesawa kai tsaye cikin silinda, wadda Mitsubishi ya yaɗa daga 1996. Wannan ta fi tsimin mai, amma famfonta na aiki da matsi mai tsanani, kuma tun da fetur ba ya bi ta kan bawul ya wanke shi, baƙar dauɗa kan taru a wurin.

Abin da ya kori kafireta doka ce. Bosch ya fito da injekta mai aiki da lantarki tun 1967, a wata Volkswagen, amma sai da Amurka da Turai suka tsaurara dokar hayaƙi sannan injektar ta zama dole, domin matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, ba ta aiki sai haɗin iska da mai ya tsaya daidai. Zuwa farkon shekarun 1990 kafireta ta ɓace daga sababbin motocinsu, mu kuma sauyin ya iso mana a cikin motocin Kwatano, ba tare da an shirya masu gyara ba.

Ribar a fili take: mota na tashi nan take da sanyin asuba, kuma tana shan mai kaɗan, abin da kowa ya san darajarsa tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023. Sai dai injekta ba ta haƙuri da mai mai datti. Ramukan nozul ƙanana ne ƙwarai, ƙurar jarkar 'yan bumburutu ta isa ta toshe su, kuma gurɓataccen fetur da ya shigo Najeriya a Fabrairun 2022 ya kwantar da motoci da dama. Yawo da tanki kusan wayam, wanda tsada ta koya wa direbobi, yana ƙona famfo, saboda man da yake nutse ciki ne ke sanyaya shi.

A ganina babbar asara a gareji ake yin ta. Bakaniken da ya ƙware a saita kafireta da kunne da sukundireba, in ya haɗu da injekta sai ya shiga canje-canjen kaya da lalube. Ya cire tamostat wai ƙasarmu zafi gare ta, kwamfuta ta ɗauka inji bai ɗumama ba, ta ci gaba da zuba mai fiye da ƙima. Ya fasa indomi, hayaƙin ya koma huhun jama'a. Mai mota ya biya kuɗin injekta, yana shan mai kamar mai kafireta.

Tun 1996 motocin kasuwar Amurka ke zuwa da soket a ƙarƙashin sitiyari, inda na'urar bincike ke karanta matsalar inji. Idan fitilar inji ta kama a motarka, ka sa a jona na'urar a karanta kafin ka yarda a kwance ko ƙusa ɗaya.