Kwana A Hanya Da Keke Lokacin Hunturu

Daga Disamba zuwa Fabrairu girbi ya ƙare, hanyoyi sun bushe, masu bishara da malaman gona sukan ɗaure kaya a bayan keke su zaga ƙauyuka. Wani lokaci dare yakan riske su a ajin makaranta ko rumfar kasuwa. Da rana ana gumi, amma da asuba sanyi yakan shiga ƙashi, musamman a tudun Jos, wanda ya ɗara teku da mita 1,200. Can sanyin dare yakan kai wajen digiri 10. Dalili kuwa shi ne, da hunturu babu gajimare, iska kuma busasshiya ce, sai zafin da ƙasa ta sha da rana ya tsere sama da dare.

Ga abin da za ka yi:

1. Ka sauka tun rana ba ta faɗi ba. Tuɓe rigar da ta sha gumi, ka sa busasshiya, gama jiƙaƙƙen tufa yana janye ɗumin jiki da sauri.

2. Kada ka kwanta a kan ƙasa ko siminti da tabarma kaɗai. Ƙasa takan sha ɗuminka dukan dare, kome kaurin bargonka. Ka tara busasshiyar ciyawa, ko buhuna, ko kwali, sa'an nan ka shimfiɗa tabarma bisa. Kakkaɓe ciyawar tukuna saboda kunama.

3. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. Ka kwanta inda bango ya tare ta. In babu bango, jingina keken da itace, ka ɗaura masa buhu ko leda.

4. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi guda mai kauri, domin iskar da ke tsakaninsu ita ce ke riƙe ɗumi. Tsohuwar jarida a ƙirji ma tana taimako. 'Yan tseren keke na Faransa sun daɗe suna yin haka in za su gangaro daga dutse. Kada ka manta hula da safa.

5. Ka sha kunu mai zafi, ka ci gyaɗa kafin barci. Giya ruɗi ce: fata takan ji ɗumi, alhali zafin ciki fita yake yi.

6. Kada ka kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki. Yana fid da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, mutum ya mutu cikin barci. Ka ji wuta a waje, ka kashe ta kafin ka kwanta.

In abokin tafiyarka ya kama makyarkyata, maganarsa ta sarƙe, ka canja masa tufa, ka lulluɓe shi, ka ba shi abin sha mai ɗumi in yana iya haɗiyewa, a hanzarta kai shi asibiti.

Manzo Bulus ma ya roƙi Timoti ya kawo masa alkyabbar da ya bari a Taruwasa (2 Timoti 4:13). Mai aikin Ubangiji ya lura da jikinsa, domin aikin ya ci gaba.