Lon Chaney: Ɗan Wasan da Ya Tashi da Maganar Hannu

An haifi Lon Chaney ran 1 ga Afrilu, 1883, a garin Colorado Springs na ƙasar Amurka. Iyayensa duka biyu kurame ne, kakansa na wajen uwa kuwa shi ya kafa makarantar kurame ta garin a 1874. Saboda haka yaron, ko da yake yana ji yana magana, da maganar hannu ya tashi a gida.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai nazarin harshe. An daɗe ana zaton maganar hannu nune-nune ce kurum, sai a 1960 William Stokoe ya bayyana cewa wadda kuramen Amurka ke yi harshe ce sosai, mai ƙa'idodin kanta. A cikinta har fuska tana ɗauke da nahawu, watau ɗaga gira kan mai da zance tambaya, kamar yadda karin murya ke yi a bakin masu ji. Wanda ya koyi haka tun yana goye ba ya motsa fuska a banza.

Chaney ya shiga wasan dandamali a 1902, ya yi wajen shekara goma yana yawo gari-gari tare da ƙungiyoyin waƙa da ban dariya. Daga nan ya koma majigi a kamfanin Universal. Majigin wancan zamani ba shi da murya. Abin da ɗan wasa ya kasa faɗi da jikinsa sai a rubuta a nuna wa 'yan kallo. Sunansa ya fito a 1919 cikin *The Miracle Man*, inda ya zama ɗan damfara mai gurguntar ƙarya. A *The Penalty*, 1920, ya lanƙwashe ƙafafunsa ya ɗaure su ta baya, ya yi tafiya bisa gwiwoyi kamar mai dungu.

Da hannunsa yake sāke kamanninsa, har aka yi masa laƙabi da mai fuska dubu. Galibin masu yabonsa a nan suke tsayawa, amma sun taƙaita. A *The Phantom of the Opera*, 1925, ya daɗe fuskarsa a rufe kafin a yaye ta, duk tsawon lokacin nan hannuwansa ne ke roƙo, suna gargaɗi, suna ba da umurni, ba kuwa wanda ya kasa fahimta.

Sa'ad da majigi mai magana ya shigo a 1927, Chaney ya yi ta ja da baya. Sai a 1930 ya yarda aka sāke *The Unholy Three* da sauti, ya yi muryoyi biyar, har da ta tsohuwa da ta aku, ya kuma sa hannu a takardar rantsuwa cewa duka nasa ne. Shi ke nan wasansa mai murya. Ciwon daji ya riga ya kama shi, ya mutu a Los Angeles ran 26 ga Agusta, 1930, yana da shekara 47.