Taɓin hankali a Faransa: yaushe alƙali ke raba uwa da ɗanta?

A Maradi ko Damagaram, idan mai jego ta shiga halin ƙunci, ta daina barci, ta kasa kula da jinjirinta, ba a kai maganar gaban alƙali. Kaka ko gwaggo ce ke goya yaron har uwar ta samu sauƙi. Amma a Faransa, inda ƴan Nijar da dama ke zaune nesa da dangi, hukuma ce ke shigowa, kuma abin da iyaye suka fi tsoro shi ne a ɗauke musu ɗa.

Matsalar ba baƙuwa ba ce. Binciken ƙasa kan haihuwa da Faransa ta yi a 2021 ya nuna kashi 16.7 cikin ɗari na mata na da alamun ciwon damuwa watanni 2 bayan haihuwa.

Sai dai rashin lafiyar ƙwaƙwalwa kaɗai bai isa dalili ba. Ayar doka ta 375 ta kundin dokokin zaman jama'a na duba abu ɗaya ne: shin lafiyar yaron, tsaronsa ko tarbiyyarsa na cikin haɗari?

Galibi maganar kan faro daga makaranta, asibiti, ko kiran lamba 119. Ma'aikatan gunduma su ziyarci gidan, su yi bincike. Idan iyaye sun amince da taimako, sau da yawa a nan ake tsayawa. Idan sun ƙi, ko haɗarin ya yi tsanani, sai a sanar da mai gabatar da ƙara. A halin gaggawa yana iya ba da umarnin ɗauke yaron nan take, amma dole ya miƙa batun ga alƙalin yara cikin kwana 8.

Alƙali na iya barin yaron a gida, ya sa ma'aikaci ya riƙa bibiyar iyalin. Yana kuma iya damƙa shi ga hukumar kula da yara ta ASE, na wa'adin da bisa ƙa'ida ba ya wuce shekara 2, ko da yake ana iya sabunta shi. Tun daga dokar 7 ga Fabrairun 2022, in ba gaggawa ba, wajibi ne a fara duba ko akwai ɗan uwa ko wani amintacce da zai riƙe yaron. A nan ne zumunci ke rana: ƙanwar uwa da ke Lyon ko aminiyar da ke unguwa na iya hana yaro zuwa hannun baƙi.

Ko an ɗauke yaron, iyaye na nan a matsayin iyayensa. Suna da haƙƙin ziyara yadda alƙali ya tsara, da ɗaukar lauya, wanda gwamnati ke biya wa marasa hali, da tafinta, da duba takardun shari'ar, da ɗaukaka ƙara cikin kwana 15.

Babban tarko shi ne ɓoyo. Kunyar a ce wance ta taɓu, ko ɗora komai kan iskoki, kan sa a guji likita har abin ya ta'azzara. Alhali uwar da ke shan magani, take zuwa ganin likita, ta fi samun abin nuna wa alƙali. Akwai ma asibitocin da ke kwantar da uwa tare da jaririnta, don kada jinya ta raba su.

Ga mai jegon da ta ji kanta ba daidai ba, ƙofar farko ita ce ungozoma ko cibiyar kula da uwa da yaro ta PMI da ke unguwarta, kuma zuwa PMI kyauta ne.