Wankin Mota Ba Ruwa: Shin Fenti Zai Tsira a Ƙasar Hazo?

A tsakiyar hunturun bana, na fito daga aji sai na tarar da wani tsohon ɗalibina tsaye kusa da motata, rataye da jaka a kafaɗa. Shekara biyu ke nan da ya kammala hidimar ƙasa, aiki kuma shiru. Bayan mun gaisa ya buɗe jakar, ya fito da wata gora mai bakin feshi da tsummoki uku masu laushi. Ya ce, "Malam, sana'ar da na kama ke nan, wankin mota ba da ruwa ba. Ku ba ni minti ashirin, sai kun ga fuskarku a jikin ƙofa."

Na ji daɗin ganin matashi da digiri a hannu bai raina sana'a ba. Amma da na waiwaya na dubi motar, wadda ta kwana huɗu tana shan hazo har yaran unguwa sun yi zane da yatsa a gilashin baya, sai na ce ya dakata. Na ga ransa ya ɗan sosu, ya zaci raini ne. Ba raini ba ne, tsoro ne, kuma dalilin wannan tsoro nake so in shimfiɗa wa mai karatu a yau, domin waɗannan gorunan feshi sun fara yawaita a kantunan kayan mota da tallace-tallacen intanet, kowa kuma tambayarsa ɗaya ce: ba sa lalata fenti?

Kafin a amsa, dole a san abin da ake kira fenti. Ido yana ganin launi ɗaya, amma jikin motar zamani hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai shimfiɗar da ke hana tsatsa, sai shimfiɗar da ke daidaita fuska ta riƙe launi, sai launin kansa, sannan a sama akwai wata fata marar launi, garai-garai kamar gilashi, wadda masu fenti ke kira kiliya. Ita ce ke ba mota sheƙi, ita ce kuma ke kare launin daga hasken rana. Duka waɗannan hawa-hawa in an haɗa su ba su cika wuce maikiron 100 zuwa 180 ba, kiliyar kuwa ita kaɗai tana tsakanin maikiron 35 da 50 a yawancin motoci. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Gashin kan mutum yana kai wajen maikiron 70. Wato abin da ke tsakanin motarka da dusashewa bai kai kaurin silin gashi ɗaya ba. Wannan tsari ya zama ruwan dare ne tun daga shekarun 1980. Waɗanda suka yi zamani da Fijo 504 da ake harhaɗawa a Kaduna za su tuna cewa in an goge motocin wancan lokaci da folish, tsumma kan ɗebo launin motar, saboda launi da sheƙi a haɗe suke cikin shafi guda mai kauri. Motar yau ba ta da wannan haƙurin. Kiliya in ta cinye ba ta tsirowa, sai dai a sake fesawa.

Sai kuma ƙurar. A nan ne nake ganin masu talla, ko da gangan ko da rashin sani, suke tsallake magana. Hazon da ke lulluɓe mu daga Nuwamba zuwa Maris, babban kaso nasa iskar arewa maso gabas ce ke kwaso shi daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, busasshen gindin wani katafaren tafki na zamanin da, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne kawai. A hanya yana haɗuwa da ƙurar gonaki da ta titunanmu marasa kwalta. A cikin wannan ƙura akwai laka mai laushi, akwai kuma ɓarɓashin ma'adinin da ya fi yawa a cikin yashi, wanda masana ke kira kwaz. A ma'aunin taurin ma'adinai da Bajamushen nan Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, kwaz yana mataki na 7. Gilashin taga da bakin wuƙar ƙarfe suna wajen 5 da rabi. Kiliyar mota kuwa dangin roba ce, ko kusa ba ta kai taurin gilashi ba. Saboda haka duk wanda ya ɗora tsumma a kan mota mai ƙura ya danna, ya sani yashi yake gogawa a kan abin da ya fi yashin laushi nesa ba kusa ba. Sakamakon shi ne waɗannan siraran zane masu kama da saƙar gizo-gizo da ake gani a jikin baƙaƙen motoci idan rana ta haska su.

To, mene ne a cikin gorar? Abin dariya shi ne yawancin abin da ke ciki ruwa ne. Sunan "ba ruwa" yana nufin ba a ɗauraya ne kawai. A cikin ruwan an zuba sinadarai dangin sabulu masu sassauta riƙon da datti ya yi wa fenti, da wasu masu santsi da ke kewaye ƙwayar ƙura don ta zame maimakon ta karta, sau da yawa kuma da ɗan silikon ko kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wani irin giginya na ƙasar Barazil, domin a bar sheƙi bayan an gama. Tsumman da ake haɗawa da shi, maikirofaiba, an saƙa shi da zaren roba da ya fi siliki sirantaka, kuma an tsattsage zaren yadda zai janye ƙura ya shige da ita ciki, ya ɗauke ta daga fuskar fenti.

Daga wannan bayani amsar ta fito rabi. Sinadarin kansa, in na kirki ne, ba ya cin fenti. Ba shi da kaifin da zai narkar da kiliya, kuma kamfanonin da suka san aikinsu sun daɗe suna yin sa. Haɗarin yana cikin gogawa. Dabarar tana aiki ne muddin santsin da aka fesa ya fi ƙarfin ƙurar da ke kwance. Motar da aka wanke jiya, ta kwana a rumfa, ta ɗebo 'yar ƙurar da sai an shafa yatsa za a gane, wannan feshi ya ishe ta, ba kuma za ta cutu ba. Motar da ta taso daga Gusau zuwa Sakkwato a watan Janairu, ko wadda ta kutsa taɓon damina a unguwannin bayan gari, feshin cokali biyu ba zai iya ɗaga wannan kaya ba. Tsumma zai cika tun a shafa ta farko, daga nan duk abin da ya biyo baya karta ne. Masu yin kayan da kansu sukan rubuta a jikin gora cewa don ƙura kaɗan aka yi shi, amma wa ke karanta ƙananan rubutu? Kuma abin da Bature ke kira ƙura kaɗan a garin da ake ruwan sama kusan kowane wata, a wurinmu ƙurar awa biyu ce.

Sai dai adalci ya sa in juya in dubi wankin da muka saba, don kada a ɗauka ina kare shi ne. Je ka duk inda ake wankin mota a bakin titi ka tsaya ka kalla. Bokiti ɗaya ne, an zuba garin sabulun wankin tufafi, an jefa tsohuwar singileti ko soson buhu. Da shi za a wanke taya, a mayar cikin bokitin, a ɗauko a hau bonet. Yashin da ya fito daga taya yana nan yana yawo cikin kumfa. Garin sabulun kuma yana wanke duk kakin da ke kare fenti, ya bar robobin jikin mota sun yi fari. Sannan a ɗauraye da ruwan rijiyar burtsatse a tsakar rana, ya bushe kafin a goge, ya bar ɗigon farin gishirin ƙasa wanda in ya daɗe yakan kama jikin kiliya. Maigadi kuma kullum safiya ya kaɗe motar da busasshen tsumma don ya faranta wa maigida rai, alhali wannan shi ne mafi muni a cikinsu duka. Ina da yaƙinin cewa feshin da aka yi bisa ƙa'ida a kan mota mai ƙura kaɗan ya fi wannan wanki sauƙin ɓarna. Ruwa yana da amfani ne idan an fara kwarara shi ya tafi da yashi kafin hannu ya taɓa mota. In ba a yi haka ba, yawan ruwan bai tsinana komai ba.

Batun ruwan kansa kuma ba abin wasa ba ne. A unguwannin da famfo ya zama tarihi, inda magidanci ke jiran 'yan garuwa su turo kura kafin yara su yi wankan makaranta, zubar da jarka uku ko huɗu a kan mota kowane kwana biyu abu ne da ya kamata ya dami mai tunani. Wanda ke wanki da tiyo a buɗe kuwa yana iya zubar da fiye da lita ɗari kafin ya ankara. Lokacin da birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu ya shiga matsanancin fari, har a farkon 2018 aka taƙaita wa kowane mutum lita 50 a rana, an hana wanke mota da ruwan famfo, kuma irin wannan matsi ne ke buɗe wa wankin feshi kasuwa. Mu namu ƙarancin ba ya jiran sanarwar hukuma, kullum muna cikinsa. Don haka ban ga laifin wanda ya nemi hanyar rage ruwa ba. Abin da nake gudu shi ne garin neman gira a rasa ido: a tsimi ruwan 'yan ɗaruruwan naira, a jawo sabon fenti na dubban ɗaruruwa, wanda kuma da wuya ya kai na kamfani inganci. Duk wanda ya taɓa kai mota kasuwa ya san tambayar farko da dillali ke yi ita ce ko fentinta na asali ne.

Akwai wasu wuraren da ko ƙura babu ya kamata a yi hattara. Zafi na farko. Bonet ɗin da ya sha ranar Afrilu a Maiduguri, lokacin da zafin iska kansa ke haura digiri 40, zai busar da feshin kafin tsumma ya iso, santsin ya tafi, a koma gugar busasshe. A inuwa ake wannan aiki, da safe ko da yamma, jikin mota a sanyaye. Motar da ta fito daga wurin mai fenti kwanan nan kuma a bar ta ta yi wata ɗaya zuwa uku kafin a shafa mata wani abu mai kaki, saboda sabon fenti yana buƙatar lokaci ya gama fitar da sinadaran da aka dama shi da su. Wanda ke shirin kai mota feshin fenti ma ya gaya wa mai aikin in yana amfani da abu mai silikon, domin ragowar silikon kan sa sabon fenti ya ƙi kwanciya, ya yi 'yan ramuka kamar idon kifi. Fentin da aka yi shi da gangan marar sheƙi, irin wanda samari ke yayi yanzu, kaki yana ɓata shi da tabo mai ƙyalli. Kashin tsuntsu da ya bushe a kan motar da ke kwana ƙarƙashin darbejiya kuwa, a jiƙa shi ya yi laushi tukuna, kada a kankare. Ƙarƙashin mota da bayan tayoyi, inda laka ke taruwa ta riƙe danshi ta kira tsatsa, babu gorar da za ta kai can.

Ga kuma matsalar da ta zama tamu: jabu. Gorar da ba ta da sunan kamfani, ba adireshi, ba bayanin abin da ke ciki, wadda aka ɗura a bayan shago, ba wanda zai iya rantsuwa cewa ba sabulun wanke-wanke ne da turare ba, ko ma an ɗiga kananzir don ta yi sheƙi. Tsumman ma akwai na bogi, mai kaushin baki da ɗinkin da ke karta. Araha ba ta ado.

Abin da na gaya wa ɗalibin nawa a ranar shi ne ya nemo jarka ɗaya ta ruwa. Ya kawo, muka kwarara a hankali daga rufin mota zuwa ƙasa ba tare da hannu ya taɓa ta ba, jan ruwa ya gangara. Sannan na ce bismilla, fito da gorarka. Na nuna masa ya ninka tsumma gida huɗu, yadda zai sami fuska takwas, ya fesa har wurin ya jiƙe sosai, ya ɗan jira, ya ja tsumman sau ɗaya a miƙe ba tare da dannawa ko kewayawa ba, ya juya sabuwar fuska, sannan ya bi da wani busasshen tsumma mai tsabta. Daga sama ake farawa, gindin ƙofofi ne ƙarshe, na taya kuma daban. Kafin ya kai rabin motar tsummokinsa uku sun ƙare. Ya tsaya yana kallonsu, sun yi jawur, ya ce, "Malam, ashe da duk wannan zan goga a jikinta." Na ce mota ɗaya tana cin tsumma shida zuwa takwas in ana son a yi abin kirki, kuma sai an wanke su daban, ba a haɗa su da kayan auduga ba.

Makon jiya ya sake zuwa tsangayarmu. Jakar ta ƙara girma, ya sayi tsummoki dozin biyu da ƙaramin famfon feshi irin na manoma mai cin lita biyar, wanda yake fara kwaɓe ƙura da shi. Ya ce yanzu kafin ya karɓi aiki sai ya shafa yatsa a jikin ƙofa. In ya ji gurzar yashi, yakan gaya wa mai motar cewa yau sai da ruwa, ko da hakan zai sa cinikin ya wuce shi. Mutum biyu sun yi fushi sun tafi. Ɗaya daga cikinsu, in ji shi, ya dawo bayan kwana uku da motar matarsa.