Rezo Ya Ɗauke: Abin da Ya Kamata a Duba Kafin a Kai Waya a Wanke Ta

Wayar salula ta zama kayan aikin yau da kullum a ƙaramar hukumar Hawandawaki, da ke kudancin gundumar Tasawa a jihar Maraɗi, domin da ita ake jin farashin gero da wake tun kafin ranar kasuwa, da ita ƴan ci-rani ke aiko da saƙon murya daga Kano ko Agadas, da ita kuma ake sanar da haihuwa da rasuwa. Sai dai yawan amfani da ita bai zo tare da sanin yadda take aiki ba, kuma wannan giɓi ya fi fitowa fili a lokacin da rezo ya ɗauke, wato lokacin da waya ta kasa haɗuwa da turken sadarwa, abin da mutanen tsallaken iyaka ke kira rashin sabis. Abin da aka saba yi a irin wannan hali shi ne a yanke wa wayar hukuncin lalacewa nan take, a jira ranar kasuwa, a miƙa ta ga mai gyara a ce ya wanke ta. Wannan ɗabi'a ta raba mutane da yawa da lambobinsu da hotunansu da takardun cinikinsu, alhali a galibin lokuta lafiyar wayar lau, matsalar tana wani wuri dabam.

Waya ba ta magana da wata waya kai tsaye; tana aika siginarta ne ta iska zuwa turken da ta fi ji da ƙarfi, shi kuma turken ya miƙa ta ga cibiyar kamfani. A Nijar kamfanoni huɗu ke da irin waɗannan turaku: Airtel, wanda ya gaji Zain a 2010, da Moov Africa, da Zamani Telecom, wanda ya samo asali daga sayen Orange Niger a 2019, da kuma Niger Telecoms, wanda aka kafa a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom. Siginar turke ba ta san shingen kwastan ba. A fili shimfiɗaɗɗe irin na kudancin Tasawa, inda babu manyan duwatsu da za su tare ta, tana iya tafiyar kilomita da dama, tsarin 2G ma an gina shi ne yadda turke ɗaya zai iya riƙe waya har nisan kilomita 35. Saboda haka mutum yana zaune a ƙofar gidansa a cikin Nijar, wayarsa na jin turakun MTN ko Glo ko Airtel na jihar Katsina, wani lokaci ma fiye da yadda take jin na gida.

Nan ne tushen rabin ƙorafin da ake yi. Kowace waya tana fitowa daga masana'anta a saite yadda za ta zaɓi rezo da kanta, kuma idan na gida ya yi rauni ko ya ɗauke na ɗan lokaci, sai ta yi tsalle ta kama na maƙwabta, ta shiga halin da ake kira yawon layi, wato amfani da turken kamfanin wata ƙasa a matsayin baƙo. A wayar da aka saita da Faransanci ana rubuta shi Itinérance, kuma sau da yawa ƙaramin harafin R yakan bayyana kusa da sandunan sigina. Abu biyu ke biyo baya, kuma dukkansu ba daɗi. Idan an rufe intanet na yawon layi, sai mutum ya ga sanduna cike amma WhatsApp ya ƙi motsi. Idan kuwa a buɗe yake, sai kuɗin da ke kan layin su zube cikin ƴan mintuna, domin forfen da aka saya, wato kason mega na kwana ko na mako, galibi a kan turakun gida kaɗai yake aiki. Kasancewar Airtel na ɗauke da suna ɗaya a ƙasashen biyu yana ƙara rikita mutane, amma rezo biyu ne dabam, kowanne da lasisinsa da farashinsa, ɗaya a ƙarƙashin hukumar ARCEP ta Yamai, ɗaya a ƙarƙashin NCC ta Abuja.

Maganin wannan bai kai minti biyu ba, kuma ba ya cin ko dala. Ana shiga wurin saitin waya, a buɗe sashen rezon salula, a kashe zaɓin kai-tsaye, a jira wayar ta jero sunayen kamfanonin da take ji, sannan a taɓa sunan kamfanin da layin yake nasa. Daga nan ba za ta ƙara tsallake iyaka da kanta ba. Abin da ya rage shi ne mai ita ya tuna ya mayar da zaɓin kai-tsaye ranar da zai yi tafiya zuwa Katsina ko Daura, in ba haka ba wayar za ta yi shiru a can har ya dawo.

Riƙe layi biyu a waya ɗaya, ɗaya mai farawa da 227 na Nijar ɗaya mai farawa da 234 na Najeriya, abu ne da ciniki da zumunci suka wajabta a wannan yanki, kuma wayoyin Tecno da Itel da Infinix da suka cika kasuwanni duk an yi su da gurbi biyu. Amma intanet layi ɗaya yake bi a lokaci guda, kuma sai an gaya wa wayar wanne ne. Abin takaici ne a ga mutum ya sayi forfe a layin farko, wayarsa kuwa na neman intanet ta layi na biyu wanda babu komai a kansa, sannan ya tashi yana zagin kamfani. A wasu wayoyi masu araha layin da aka ba intanet ne kaɗai ke samun 4G, ɗayan ya koma 2G, kuma duk lokacin da ake kira a kan ɗayan layin intanet yakan tsaya har a gama maganar. Akwai kuma layukan Najeriya da suka mutu gaba ɗaya ba tare da laifin waya ba, tun da hukumar NCC ta sa 14 ga Satumba 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe na haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, aka rufe waɗanda ba a haɗa ba. Layin da aka rufe a ofis, ko sau goma aka wanke waya ba zai tashi ba.

Wanke waya, wanda masu gyara ke kira formate ko filashi, shi ne goge duk abin da ke cikinta a mayar da ita yadda ta fito daga kwali, ko ma a sake ɗora mata manhajar da ke tafiyar da ita baki ɗaya. Aiki ne da aka tanada don wayar da manhajarta ta rikice har ta ƙi buɗewa, amma ya zama abin da ake fara yi wa kowace waya da aka kawo, kamar likitan da ke yi wa mai mura tiyata. Laifin bai tsaya kan mai gyara shi kaɗai ba, domin sau da yawa mai wayar ne ke zuwa da maganin a bakinsa, kuma ba ya jin an yi masa aiki sai ya ga allon ya koma sabo fil. Shi kuwa mai gyara, wanda jama'a ke tsaye a kansa ranar kasuwa, ya fi samun sauƙin danna gogewa ya karɓi kuɗinsa a kan ya zauna yana binciken saiti ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke biyo bayan wankin shi ne abin da ba a faɗa wa mai waya tun farko. Lambobin da aka adana a ƙwaƙwalwar waya sun tafi, hotunan biki da na rasit sun tafi, saƙonnin murya da ke ɗauke da shaidar bashi ko alƙawarin ciniki sun tafi. Bayan haka wayar Android, tun daga samfurin 5.1 na shekarar 2015, tana da kulle na kariya daga ɓarayi: idan aka goge ta ta bayan fage, ba za ta buɗe ba sai an shigar da adireshin Google da kalmar sirrin da ke kanta a da. Mutum nawa ne a ƙauyukan Hawandawaki ko Korgom suka san nasu? Yawanci wani yaro ne a shagon caji ya buɗe musu asusun ranar da suka sayi wayar, ya zaɓi kalmar sirrin da ta zo masa a rai, shi kansa ya manta da ita kafin magariba. WhatsApp ma sai an sake yi masa rajista da lambobi shida da ake aikowa zuwa layin da aka buɗe shi da shi, kuma idan wannan layi na Najeriya ne da aka rufe, ko ya ɓata tun bara, to asusun da dukkan zaurukan da ke cikinsa sun kuɓuce. Mafi muni shi ne ɗora manhajar da ba ta dace da wayar ba, wanda kan iya lalata IMEI, wato lambar shaida mai alƙaluma 15 da turke ke gane kowace waya da ita. Wayar da ta rasa wannan lamba tana iya daina kama rezon kowane kamfani. An je neman ƙiba an samo rama. Ana duba lambar ta hanyar danna *#06#, kuma ya kamata a duba ta a gaban mai gyara kafin aiki da bayansa.

Abin da ya ƙara sa wannan asara ta zama ta ganganci shi ne cewa a cikin saitin waya, dab da wurin gogewa gaba ɗaya, akwai wani zaɓi dabam mai suna sake saitin rezo, wanda ke share bayanan Wi-Fi da Bluetooth da na haɗin salula kaɗai, ba ya taɓa hoto ko lamba ko saƙo. Shi ne ya kamata ya zama mataki na ƙarshe a gida, bayan an gwada waɗanda suka fi shi sauƙi: a kunna yanayin jirgin sama na rabin minti a kashe, domin wayar ta sake neman turke daga farko, a kashe ta a kunna, a tabbatar forfen bai ƙare ba, tun da manhajoji kan sabunta kansu a ɓoye su cinye mega cikin dare, a duba kwanan wata da agogo, saboda wayar da batirinta ya mutu ƙurmus takan farka da tsohuwar shekara, WhatsApp da shafukan intanet masu tsaro kuwa ba sa yarda da agogon da ya kauce. Sai a cire layin a goge ƙurar hunturu da ta kwanta a kan zinariyarsa da ƙyalle busasshe, musamman irin layukan da aka rage wa girma da reza. Idan kira na shiga amma intanet ya ƙi, to a duba APN, wato adireshin ƙofar da kamfani ke shigar da waya intanet ta cikinta, wanda wakilin kamfanin a Tasawa zai iya saitawa. Gwajin da ya fi kowanne raba gardama shi ne a sa layin a wayar maƙwabci, a sa na maƙwabci a wayar da ake zargi.

Wani lokacin kuma duk garin ne ba rezo, kuma tambayar mutum biyu a majalisa ta isa ta nuna haka. Turke na buƙatar wuta, kuma layin lantarkin da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram daga Katsina yake shigowa ta Gazawa. Da Najeriya ta yanke wutar a watan Agustan 2023, sai da aka shiga Maris na 2024 kafin ta dawo, turaku suka dogara da janareto da batir da hasken rana. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka ji a jikinsu. Hukumomi ma kan rufe sadarwa da gangan, kamar yadda aka yi wa intanet na salula a Nijar na kusan kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021, da kuma wasu ƙananan hukumomin Katsina a Satumbar 2021. Ranar kasuwa ma, sanduna na iya cika intanet ya ƙi tafiya, domin sandunan ƙarfin sigina suke nunawa, ba yawan mutanen da ke rububin turke ɗaya ba.

A arewa, wajen ƙauyukan Mayahi da ke nesa da iyaka, nisa daga turke ne babbar damuwa, kuma a can wayar da aka tilasta wa 4G kaɗai za ta zauna babu rezo a inda 2G ko 3G za su yi aiki. Rufin kwano yana dakushe sigina, shi ya sa kiran da ya ƙi shiga a ɗaka yake shiga a tsakar gida, kuma waya takan ƙara ƙarfin aikawa a inda sigina ta yi rauni, batir ya ƙare da wuri har a ɗauka ya lalace. Su kuwa manyan allunan hannu marasa gurbin layi, irin waɗanda ake gani a hannun malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, ta Wi-Fi ɗin wata waya suke samun intanet, don haka alamar Wi-Fi cike ba ta nufin komai idan wayar da ke rabawa ba ta da mega. Idan kuma an canza kalmar sirri, sai an sa allon ya manta da tsohon haɗin a shigar da sabuwa.

Duk mai wayar da har yanzu take aiki ya nemi wanda ya iya, yau ba gobe ba, ya fitar masa da adireshin Google da kalmar sirrinsa ya rubuta a takarda, ya ajiye tare da katin shaidarsa, ya mayar da lambobinsa kan asusun, ya kuma tabbatar WhatsApp ɗinsa na kan layin da ke raye a hannunsa. Idan kuma zuwa wurin mai gyara ya zama dole, a cire layi da katin ajiya tukuna, a tsaya a wurin har a gama, a kuma faɗa masa da baki tun kafin ya taɓa ta cewa ba a yarda ya goge komai ba sai ya tambaya.