Me Kake Saurare? Yadda Ƴan Kasuwar Kan Iyaka Ke Musayar Waƙoƙi

Duk wanda ya saba cin kasuwannin kan iyaka, ko tsakanin Birnin Ƙonni da Illela, ko Ɗan Isa da Jibiya, ko kuwa Gaya da Kamba, ya san cewa bayan gaisuwa da tambayar canjin naira da sefa, akwai wata tambaya da ba ta ɓacewa a bakin abokan ciniki, wato wace waƙa ce sabuwa a wayarka. Daga nan sai a haɗa waya da waya, kafin mai shayi ya gama haɗa kofi, kundin waƙoƙi sukutum ya tsallaka iyaka ba tare da ɗan duwan ya buga masa hatimi ba.

Mu da ke aiki a gidajen rediyon karkara muna ganin alamar wannan musaya a shirye-shiryen zaɓi-sonka, domin abin da aka tura wa mutum ranar kasuwa shi yakan nema a sa masa washegari. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu duba abin da jama'armu ke saurare, da hanyar da yake iso musu, da kuma wanda ke cin riba ko asara a ciki.

Idan aka fara da dattawan rumfa, masu hatsi da masu goro da dillalan dabbobi, har yau Alhaji Mamman Shata ne ke riƙe da kambu, duk da cewa ya rasu tun 1999. Bakandamiyarsa tana cikin waƙoƙin da ba sa tsufa a kunnen mai ciniki. Kusa da shi akwai Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ga masu son waƙar sarauta da ta noma, sai Ɗan Anace ga masu sha'awar dambe. Direbobi da yaransu kuwa suna da nasu gwanin, Ɗan Maraya Jos mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015, saboda Waƙar Karen Mota ta taɓa rayuwarsu kai tsaye. A ɓangaren mata masu abinci, kiɗan ƙwarya na Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, shi ke rage musu zafin murhu.

Daga wannan gefe na iyaka ma akwai waɗanda ba a mantawa. Mutanen Maraɗi ba su daina neman Sa'adu Bori ba, wanda ya fitar da kundin Niamey Twice tare da Musa Pusi a shekarun 1990. Haka nan kundin Denké-Denké na ƙungiyar Mamar Kassey, wanda ya fito a 1999, yana da masoya har cikin waɗanda ba sa jin Zabarmanci ko Fulatanci, don sarewar Yakuba Mumuni ba ta buƙatar tafinta.

Samari masu kabu-kabu da masu cajin waya nasu daban ne. Su waƙoƙin Kano suke bi, irin na Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita, ga kuma Hamisu Breaker wanda waƙarsa Jaruma ta game gari a 2020. Masu son kalmomi masu nauyi sukan karkata ga Aminu Ala. Abin lura a nan shi ne, ɗaya daga cikin muryoyin da suka yi fice a waƙoƙin finafinan Kano, wato Fati Nijar, ƴar Maraɗi ce. Ashe kenan hanyar ba ta mai tafiya ɗaya ba ce, kaya na zuwa, kaya na komawa.

To, yaya waƙar ke tafiya? A da kaset ne. Mutum ya sayo a Kano ko Sakkwato, ya ba abokinsa aro, abokin ya kai wa mai rediyo mai baki biyu ya kwafa masa. Daga baya faifan sidi ya shigo, amma ƙura da zafin rana ba su bar shi ya daɗe ba. Da wayar salula mai memori ta yawaita, sai sana'ar masu tura waƙa ta kunno kai, yaro da kwamfutarsa a ƙarƙashin laima yana cika wa mutane memori a kan ƴan kuɗi kaɗan. Yanzu kuwa Bluetooth da Xender da WhatsApp sun sa kowa ya zama mai turawa. Ko lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da lokacin da aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, shinkafa da albasa sun tsaya, amma waƙa ba ta tsaya ba.

Wannan hanya ta taɓa ɗaga wani ɗan ƙasa zuwa inda bai zata ba. Mdou Moctar, makaɗin gita Buzu daga jihar Tawa, ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar, da irin gyaran muryar da ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa. Kundin bai shiga kanti ba, daga memori zuwa memori ya yi ta yawo har arewacin Mali. A can ne wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya daga cikin waƙoƙin, ya sa ta a kundin Music from Saharan Cellphones da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, sannan ya nemo mai ita. Daga baya Mdou ya zagaya Turai da Amurka, ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024.

Sai dai fa ba kowane mawaƙi ke da irin wannan sa'a ba. A zamanin kaset, ko da satar fasaha, wani abu yakan koma hannun mai waƙa ko wanda ya buga ta. Yau kundin da aka kashe kuɗin situdiyo da na makaɗa a kansa yakan shiga wayoyi bila adadin, mai shi bai ga ko dala ba. Shi ya sa mawaƙa da yawa suka koma dogaro da bukukuwa da waƙar ƴan siyasa da ta masu kuɗi, waƙar talaka irin ta Ɗan Maraya kuwa tana ƙara ƙaranci. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa hajar da ba ta mayar da uwar kuɗi ba a sake saro ta. A Nijar akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, amma hukuma ba za ta iya leƙa wayar kowa ba.

Asara ta biyu ita ce ta suna. Sau da yawa waƙa kan iso waya babu sunan mawaƙi, babu na kundi, sai lamba kawai, har a riƙa jingina waƙar wani ga wani. Tsoffin kasakasai kuma suna can cikin adaka zafi yana cin zarensu, alhali wasu makaɗan ƙauye da suka riga mu gidan gaskiya a nan kaɗai muryarsu ta rage.

Don haka muna kira ga masu karatu da abu uku. Idan za ka tura wa ɗan'uwanka waƙa, rubuta sunan mai ita. Idan mawaƙin yana raye kuma yana da shafinsa a YouTube ko Audiomack, saurara a can ko da sau ɗaya ne, don yawan masu saurare a can yana amfanarsa. Idan kuma kana da tsohon kaset a gida, kai shi gidan rediyon da ke kusa da kai ko wurin mai kwamfuta a juye shi kafin ya lalace. Allah ya ba da kasuwa, ya kuma jiƙan mazan jiya da suka bar mana abin saurare.