Isɗilahohin Sanskirit a Sassaƙar Gumakan Hindu

Wajen shekarar 1030 Miladiyya Abu Raihan al-Biruni ya kammala Tahƙiƙu Ma lil-Hind, bayan ya koyi harshen Sanskirit. Da ya zo kan gumaka a babi na 11, bai dogara da labarin fatake ba. Ya ciro ƙa'idojin sassaƙarsu ne daga Birhat Samhita na Barahamihira, masanin taurari na ƙarni na 6.

Littattafan wannan fanni ana kiransu Shilpa Shastra, kuma suna nuna cewa masassaƙi ba ya bin son ransa, awo yake bi. Tushen awon shi ne angula, faɗin yatsa, wanda aka ƙiyasta da ƙwayar sha'ir 8. Mai karatun fiƙihu zai tuna cewa malamai, wajen ƙididdige nisan tafiyar ƙasaru, sun ƙiyasta yatsa da sha'ir 6. Angula 12 su ne tala ɗaya, wato tsawon fuska daga matsirar gashi zuwa haɓa, kusan iyakar da ake wankewa a alwala. Siffa mai tala 9, nawatala, tsawonta angula 108 ne, alhali manyan ababen bautarsu irin su Bishnu da Shiba ana ba su uttama dashatala, angula 124. Ashe awon da kansa yana faɗin matsayi. Haka ma yanayin hannu, mudra: tafin da aka ɗaga yana fuskantar mai kallo, kamar yadda aka saba gani a finafinan Indiya, shi ne abhaya, alamar ba da aminci.

Inda fassara ke yin tuntuɓe shi ne sunan abin kansa. Pratima tana nufin kwatankwaci, murti kuwa abin da ya ɗauki jiki, amma Hausa ta haɗe su a "gunki". Hukuncin Shari'a a kansu ɗaya ne, sai dai fahimtar da'awar masu su tana buƙatar bambancewa. A wurinsu, dutsen da aka gama sassaƙawa dutse ne har sai an yi masa prana pratishta, bikin da suke riya cewa da shi abin bautar yake sauka cikinsa, a kuma buɗe masa idanu. Wannan shi ne hululi a harshen malaman aƙida. Saboda haka mai raddin da ya tsaya ga cewa dutse ba ya ji ba ya gani bai kai ga hujjar malamin Hindu ba, domin shi da'awarsa a kan mazaunin dutsen take.